Baba yana ci amma kullum ramewa yake yi

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku taimaka min da bayani. Wata uku ke nan da aka tabbatar mana Babanmu yana da ciwon daji a hanta. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ramar da yake yi. Yana taɓa tuwo, yana shan fura da kunun gyaɗa, Mama har farfesun kaza take yi masa, amma kullum kamar ana zare masa nama. Rigunansa duk sun yi masa yawa, agogonsa ma yawo yake a hannu. Da na tambayi likitan da ke duba shi, sai ya ce wai wasu sinadarai ne da garkuwar jikinsa take fitarwa suke cinye tsokar, kuma su ɗin ne ma suke taimaka wa ciwon ya girma. Na dawo gida kuma Gwaggo ta ce a sayo maganin ƙara garkuwar jiki. Ni kam kaina ya ɗaure. Garkuwar nan yaƙar ciwon take yi ko taya shi?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Alhaji Mai Kanti:
Allah ya sawwaƙe. 'Yata, ki bi maganar Gwaggonki. Kowa ya san ciwo ba ya kama mutum sai garkuwarsa ta yi ƙasa. Akwai haɗin da nake kawowa, na ganyaye ne zalla, ki yi min magana ta gefe.

Likitan Unguwa:
Alhaji, a yi haƙuri a dakata da tallar tukuna. Maman Hanif, sannu da jinya. Likitan Baba gaskiya ya faɗa miki, lokaci ne bai samu ba ya warware miki ita.

Mutane suna ɗaukar garkuwar jiki kamar mai a tankin mota, ko ya cika ko ya yi ƙasa. Alhali runduna ce ta ƙwayoyin halitta iri-iri, kowacce da aikinta, kuma suna magana da juna ta wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin. Ƙwaya ɗaya ta saki saƙo, wadda take da makarɓar saƙon a jikinta ta karɓa ta aikata. Wani saƙon cewa yake a taso, wani a kashe, wani a hayayyafa, wani kuma a lafa.

Ki tuna yadda ake yi a ƙauye idan katanga ta faɗi da damina. A kira gayya, wasu su kwaɓa ƙasa, wasu su ɗebo ruwa, mata su dafa abinci, da an gama kowa ya kama gabansa. Haka jiki yake yi idan ya ji rauni. Saitokin su yi kira, fararen ƙwayoyin jini su zo su share wurin, a ce wa ƙwayoyin da ke gefe su hayayyafa su toshe gurbin, a shimfiɗa sababbin hanyoyin jini, daga ƙarshe a ce wa mayaƙa su mayar da wuƙa kube kar su rushe sabon gini. To duk abin da ciwon daji yake nema ke nan: hayayyafa, hanyar jini, da mayaƙan da suka yi shiru. Sai ya riƙa kiran gayya, ba ya kuma sallamar kowa. Tun a 1863 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya lura da fararen ƙwayoyin jini jibge a cikin ƙari, ya ce ciwon daji yana tsirowa ne a inda kumburi ya daɗe. A 1986 kuma Harold Dvorak a Amurka ya kira ƙari rauni da ba ya warkewa.

Tambaya ɗaya: an taɓa yi wa Baba gwajin ciwon hanta nau'in B?

Maman Hanif:
An yi, Likita. Sun ce yana da shi, wataƙila ma tun yana yaro. Mu ba mu taɓa sani ba, bai taɓa kwanciya a kansa ba.

Likitan Unguwa:
Haka yake zuwa. Ƙwayar cutar tana zaune a hanta, garkuwa tana kashe ƙwayoyin hantar da suka kamu, hanta tana sake yin wasu, shekara talatin ko arba'in ana wannan rushewa da ginawa. Saitokin biyu ne a gaba a wannan aikin, IL-6 da TNF. Duk ƙwayar da ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun gadonta, kuma yawan kwafi shi ke kawo kuskure. Ga kumburin kansa yana fitar da sinadarai masu lalata rubutun. Idan aka haɗa da gubar fumfuna, wato aflatoksin da ke samuwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, sai hatsarin ya ninka. Ranar da ƙwaya ɗaya ta lalace, saƙon da ya kamata ya gina hanta shi zai raine ta.

Ita kuma ramar, waɗannan saitokin ɗin ba sa tsayawa a hanta, jini yana kai su ko'ina. Su je ƙwaƙwalwa su kashe sha'awar abinci, su sa tsoka ta riƙa narkar da furotin ɗinta, su sa kitse ya zube. Ki duba takardun gwajinsa, ina kyautata zaton za ki ga CRP, alamar kumburi a jini, ya hau, albumin, wani furotin na jini, ya sauka. IL-6 ce take sa hanta ta yi ta ƙera CRP ta rage ƙera albumin.

Likitan Shanu:
Likita, ka taɓo inda nake da abin cewa. Duk wanda ya yi kiwo ya san sammore. Ƙudan tsando ya ciji saniya, tana kiwo tana komai amma ta dinga bushewa har ƙashin haƙarƙarinta ya fito. Wannan ramar ce ta ja hankalin wani masani ɗan Amurka, Anthony Cerami, da ya ga shanu masu wannan cutar a Kenya. Ya ga ƙwayoyin cutar da ke jininsu ba su kai yawan da za su cinye saniya haka ba, sai ya ce lallai jikin dabbar ne da kansa yake fitar da wani abu. Suka yi ta nema, har a 1985 shi da Bruce Beutler suka ware furotin ɗin, suka sa masa suna daga kalmar rama. Da aka duba tsarinsa sai ga shi TNF ne, wanda wasu suka riga suka gano shekara goma kafin nan ta wata hanya daban. Ni har gobe abin yana ba ni mamaki, ramar saniyar Bafulatani da ramar mai ciwon daji su haɗu a furotin guda.

Maman Hanif:
Ikon Allah. Na duba, Likita, CRP ɗin an ja masa layi da jan biro.

Ɗan Sakkwato:
Ni malamin makaranta ne, ba likita ba, amma akwai inda maganar nan ba ta shige ni ba. Na karanta cewa ma'anar TNF ita ce abin da ke kashe ƙari. Kuma a 2018 an ba mutum biyu, James Allison da Tasuku Honjo, kyautar Nobel saboda maganin da ke sakin garkuwar jiki ta afka wa ciwon daji. Yanzu kuma ana ce mana garkuwa ce ke rainon ciwon. Ai sai a zaɓi ɗaya. Kar mu zo muna tsorata mutane da garkuwar da Allah ya yi musu.

Alhaji Mai Kanti:
Yauwa Malam, faɗa musu dai.

Likitan Unguwa:
Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma duka biyun gaskiya ne. Sunan ya samo asali ne a 1975, lokacin da Lloyd Old da abokan aikinsa a New York suka ga wani abu a jinin ɓeraye yana sa ƙari ya ruɓe ya mutu. Tun kafin su ma, wajajen 1891, wani likitan tiyata, William Coley, yana yi wa masu ciwon daji allurar ƙwayoyin cuta da gangan don zazzaɓi ya tashi, kuma wasu ƙarin nasu ya narke. Mutane suka sa rai an samu magani. Da aka gwada TNF a jikin mutane, adadin da zai kashe ƙari sai ya nemi kashe majinyacin, jini ya faɗi, gaɓoɓi su tsaya. Abin da ya rage a yau shi ne a wasu asibitocin Turai ana ware jinin hannu ko ƙafa daga sauran jiki, a zuba TNF mai yawa tare da maganin kimo a wannan gaɓar kaɗai.

Daga baya sai aka ga ɗaya fuskar. A 1999 masu bincike a Landan suka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa TNF gaba ɗaya sun fi wuyar kamuwa da ciwon dajin fata. Bambancin yana ga yawa da daɗewa. Ruwan da ya zo da ƙarfi dare ɗaya yana tumɓuke shuka, wanda yake ɗiga kullum a gindinta kuwa ban ruwa ne. TNF ɗin da ke cikin ƙari irin na biyun ne.

Maganin su Allison kuwa takamaiman birki ɗaya yake cirewa daga takamaiman mayaƙa, ƙwayoyin T. Ko shi ɗin wani lokaci garkuwar takan juya ta afka wa hanji ko huhu ko hanta, sai an kwantar da ita.

Ɗan Sakkwato:
To na ji wannan. Amma ai akwai saitokin da ake bayarwa a matsayin magani, ko ba haka ba?

Hajiya Mai Famasi:
Akwai, Malam. An amince da intaferon a Amurka a 1986 don wani nau'in ciwon dajin jini, IL-2 kuma a 1992 don na ƙoda. Sai dai IL-2 mai yawa takan sa hanyoyin jini su yi yoyo, jiki ya kumbura, sai a ɗakin kulawa ta musamman ake bayarwa. Kaɗan ne daga cikin majinyata suke samun waraka mai ɗorewa. Wani abin kuma, ita wannan IL-2 ɗin ita ce abincin wasu ƙwayoyin T da aikinsu tsawatar wa sauran mayaƙa. Allura ɗaya tana ƙarfafa soja tana ƙarfafa mai hana shi harbi. Shi ya sa idan na ga kwalba an rubuta tana ƙara garkuwa, tambayata ita ce wane ɓangaren.

Autar Mama:
Ni ɗaliba ce a sashen gwaje-gwajen asibiti, kwanan nan muka yi wannan darasin! IL-6 ɗin nan Tadamitsu Kishimoto da Toshio Hirano ne suka fito da tsarinta a Osaka a 1986. Idan ta sauka a kan ƙwaya tana kunna wani makunni a ciki mai suna STAT3, shi kuma ya ce wa ƙwayar kar ta mutu, ta ci gaba da rabuwa. Kuma ita ce dalilin da ya sa maza suka fi mata kamuwa da ciwon dajin hanta, saboda sinadarin istirojin na mata yana danne ta.

Likitan Unguwa:
Madalla ƙanwata, kin riƙe karatu. Gyara ɗaya: binciken da ya nuna hakan, na 2007, a ɓeraye aka yi shi, waɗanda aka ba wani sinadari mai jawo ciwon. Gaskiya ne maza sun fi kamuwa, kuma IL-6 tana cikin bayanin, amma a mutane akwai giya, akwai taba, akwai yadda ƙwayar cutar hantar kanta take amsa sinadarin maza. Kar ki rubuta "ita ce dalili" a jarrabawa, malaminki zai zaftare miki maki.

Autar Mama:
Na gode Yaya, na gyara.

Sista Maman Amira:
Ku bar ni in sauko da maganar ƙasa. Shekara goma sha bakwai ina wankin ciwo. Abin da Likita ya kira raunin da ba ya warkewa ni da idona nake ganin sa. Mutum ya zo da gyambo a ƙwauri ko tabon ƙuna na tun yarinta, shekara ashirin yana rufewa yana buɗewa, ana ta barbaɗa masa garin magani. Rana ɗaya bakin ciwon ya tashi ya yi kauri, ya fara wari, ya riƙa zubar da jini da an taɓa. A yanki a kai gwaji a ce ya zama daji. Likitoci suna kiran sa gyambon Marjolin. Haka tsargiya. Yaro yana wanka a rafi ko yana aiki a fadamar noman rani, yana fitsarin jini, a wasu garuruwan har ana ɗaukar abin alamar balaga. Ƙwan tsutsar yana maƙale a bangon mafitsara, garkuwa tana kewaye shi shekara da shekaru, daga baya ya zama dajin mafitsara. Alhali maganin tsargiyar ƙwaya ce, firazikwantel, da ake rabawa a makarantu.

Likitan Unguwa:
Sista ta gama magana. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna a 2018 kusan kashi 13 cikin ɗari na sababbin masu ciwon daji, mutum miliyan 2.2, ƙwayoyin cuta ne sanadi. Wasu ƙwayoyin cutar ma sun saci yaren garkuwar. Wadda ke jawo dajin Kaposi, mai fitowa baƙi-baƙi a fatar masu cutar ƙanjamau, tana ƙera tata IL-6 ɗin. Wadda ke da hannu a dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara, tana ƙera kwafin IL-10, saƙon da ke cewa mayaƙa su lafa.

Ɗan Maraɗi:
Likita, ni tambayata a kan yaɗuwa ce. Matar wana dajin nono ta yi, aka cire, bayan shekara uku sai ga shi a ƙashin baya. Me ya kai ciwon nono ƙashi? Me ya sa bai je tafin hannu ba?

Likitan Unguwa:
Allah ya ba ta lafiya. Wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya yi wannan tambayar a 1889. Ya bi bayanan mata 735 da dajin nono ya kashe, ya ga ciwon yana da wuraren da yake zaɓa. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa: iska tana watsa iri ko'ina, amma sai inda ƙasar ta karɓe shi yake tsirowa. Ku manoma kun fi mu sanin wannan.

Sai a 2001 aka gano ɗaya daga cikin dalilan. Akwai wani rukunin saitokin da aikinsu nuna hanya, kamar ƙamshin da fararen ƙwayoyin jini suke bi su san inda za su. Ɓargo da huhu da hanta da kaluluwa suna fitar da ɗaya mai suna CXCL12 da yawa. Ƙwayoyin dajin nono kuma sukan ɗora wa kansu makarɓarsa, CXCR4, wato sun ari hancin fararen ƙwayoyin jini.

Kafin su kai can sai sun fita daga gida. Ƙwayoyin nono a manne suke da juna kamar tubali a gini. Wani saitokin, TGF-beta, a lafiyayyen jiki hana ƙwaya yawan rabuwa yake yi, mai tsaro ne. Da ciwon ya yi nisa sai ƙwayoyin su toshe kunne daga hanin, su riƙe wani ɓangaren saƙon, wanda ke koya musu sakin juna da rarrafe. Ga kuma manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti, makarofej, waɗanda ƙarin yake kira da nasa saƙon. Maimakon su cinye shi sai su narkar masa da shingen da ke kewaye, su kira sababbin hanyoyin jini, har su raka ƙwayoyinsa bakin jijiya. Da ɗan gari akan ci gari.

A ƙashi kuwa abin zagaye yake. Ƙwayar dajin ta tashi ƙwayoyin da ke rushe ƙashi, shi kuma ƙashi rumbun TGF-beta ne, da an rushe sai ya fito ya ƙara wa dajin ƙarfi, ya sake sa a rushe. Shi ya sa ake ba irin waɗannan majinyatan allurar zoledironet ko denosumab, don a rage rushewar da karaya.

Abban Sadiq:
To tunda kumburi ne tushen abin, ba sai mutum ya riƙa shan maganin kumburi kullum ba? Ga diklofenak da ibuprofen a kowane kemis.

Hajiya Mai Famasi:
Abban Sadiq, don girman Allah kar ka fara, kuma kar wani ya karanta ya kai wa Baban Maman Hanif. Mai ciwon hanta jijiyoyin maƙogwaronsa na abinci sukan kumbura, jininsa ba ya saurin daskarewa, waɗannan magungunan za su iya sa shi aman jini ko su tsayar masa da ƙoda. Asfirin an tabbatar yana rage dajin hanji ga masu wata larurar gado da ake kira Lynch, amma wannan likita ne yake yankewa.

Kuma masana sun riga ka tunanin. A 2017 aka fitar da sakamakon wani gwaji a kan mutum sama da dubu goma da suka taɓa samun bugun zuciya. An ba su allurar da ke toshe saitokin guda, IL-1 beta, don kare zuciya. Sai aka ga dajin huhu ya ragu a cikin waɗanda suka samu kaso mafi yawa, ko da yake mutuwa ta sanadin ƙwayoyin cuta ta ƙaru. Aka yi murna, aka gwada allurar a kan waɗanda suka riga suka kamu da dajin huhu, ba ta yi aiki ba. Saƙonnin suna da yawa, kana toshe ɗaya ƙarin ya koma wa wani. Maganin toshe IL-6 ma akwai shi, tosilizumab, an yi amfani da shi lokacin korona, yana kuma ceto idan garkuwa ta haukace bayan wasu magungunan dajin jini, amma bai zama maganin ƙari ba.

Alhaji Mai Kanti:
Duk wannan turancin, ƙarshe dai kun ce ba ku da magani. Mu da muke da abin da mutane suke sha suna jin daɗi kuma kun hana. Kakanninmu da ganye suka rayu.

Sista Maman Amira:
Alhaji, da girmanka. Ko magungunan kimo akwai waɗanda daga tsiro aka samo su, ba wanda ya raina ganye. Amma duk abin da aka haɗiya hanta ce take tace shi, ta Baba kuma da ƙyar take ɗaukar nauyin kanta. Na sha karɓar majinyata idonsu ya yi ɗorawa, cikinsu ya cika da ruwa, bayan sati biyu da fara irin waɗannan haɗe-haɗen. Idan ka san abin da ke cikin naka da adadinsa, rubuto a nan Hajiya ta duba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a sassauta. Dokar zaure tana nan, ba talla. Alhaji, na goge lambar da ka saka.

Maman Hanif:
Na gode muku ƙwarai, yau na fahimci abin da likitan yake nufi. Saura abu ɗaya. Ƙanina ya ce ko a sayo masa ƙwayar nan ta sha ka fashe, tunda tana sa cin abinci da ƙiba.

Hajiya Mai Famasi:
A'a 'yar uwa. Abin da ake sayarwa da wannan sunan akan samu deksametazon a ciki. Likitoci sukan ba da shi na ɗan lokaci don buɗe ciki, amma idan aka daɗe shi kansa cin tsoka yake yi, ƙibar ruwa ce da kitsen fuska, kuma yana iya tayar da ƙwayar cutar hanta ta B. Ki tambayi likitansa, shi zai auna.

Likitan Unguwa:
Ƙari a kan na Hajiya, ki lallashi Mama. Iyayenmu mata sukan ɗauka girkinsu ne ya gaza, su yi ta tura wa majinyaci abinci har a yi faɗa. Irin wannan ramar abinci kaɗai ba ya mayar da ita, domin umarnin narkar da tsokar daga cikin jini yake zuwa. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, abin da ransa yake so, ƙwai, nono, kifi, wake idan cikinsa ya karɓa. Ya riƙa ɗan takawa ko zuwa ƙofar gida ne. A faɗa wa likita idan akwai ciwo ko tashin zuciya ko rashin bahaya, don kowannensu yana hana ci kuma yana da magani. A tambaya kuma ko an ɗora shi a kan maganin ƙwayar cutar, irin su tenofobir.

Ku kuma 'ya'yansa da Mama da 'yan uwansa na ciki ɗaya, kowa ya je gwajin ƙwayar cutar hanta ta B. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, wanda yake da ita a fara bibiyarsa. Jarirai kuma allurar farko a cikin awa 24 da haihuwa ake so.

Maman Hanif:
Mu tara ne a wurinsa. Na tura wannan a zauren gidanmu, Yaya Babba ya ce ranar Asabar za mu je gaba ɗaya har da Gwaggo. Hanif a gida na haife shi, sai da muka yi arba'in aka fara masa allura. Shi ma in kai shi?

Sista Maman Amira:
Ki fara yin naki. Ki tafi da katin allurarsa a jaka, idan sakamakonki ya fito sai a duba nasa.